Matakala Goma Sha Tara

Matakala goma sha tara ce
daga ƙasa zuwa ajinmu.
Shekara bakwai ina hawa ban taɓa ƙirgawa ba,
sai da Sagiru ya faɗa.

Shi da ke isowa bayan an kaɗa ƙararrawa,
rigarsa na warin albasa,
don sai ya taya babansa sauke buhuna a Mil Tuwel
kafin ya maƙale ƙofar danfo zuwa Agege.
Sau nawa na rubuta masa makara da jan biro?
Rajista ta fi ni sani.

In'ina gare shi.
Harafi ɗaya kan tsaya masa a maƙoshi
kamar cunkoson Oshodi ranar Litinin,
'yan aji na dariya ƙasa-ƙasa,
ni kuwa, Allah ya yafe mini,
sai in ƙarasa masa maganar don mu wuce.

Morenike kuma da sanduna biyu take tafiya.
Sai darasi ya yi nisa
take bayyana a bakin ƙofa, gumi har haɓa,
tana ba da haƙuri da Yarbanci,
kamar ita ta gina benen.

Da zaɓen shugaban ɗalibai ya zo
ya kawo mini sunansa a yagaggiyar takarda.
Na dubi takardar, na dube shi.
Na kusa ce masa ya bari sai baɗi.
Ban ce ba.
Mako uku muna zama bayan an tashi,
yana buga tebur da yatsa, kalma guda, bugu guda.
Shi yana koyon buɗe baki,
ni ina koyon rufe nawa,
kuma nawa karatun ya fi wuya.

Ranar taro an kwana ana ruwa,
fili duk taɓo, takalma sun yi nauyi.
Tajudin ya yi alkawarin sabuwar ƙwallo.
Obiageli ta yi magana kamar rediyo, aka tafa.
Sai shi.
Ma, ya ce. Ma. Ma.
Daidai nan jirgin ƙasa ya ratso bayan katanga,
kwano na rawa, ƙasa na rawa,
dole kowa ya tsaya.
Jirgi ya wuce ya bar mana shirunsa,
ba wanda ya taɓa shi.
Matakala, in ji Sagiru,
goma sha tara.
Morenike na hawa sau huɗu a rana.
Ku sauko da ajin.

Bai ci ba. Ƙuri'a sha ɗaya ta raba su.
Amma washegari na ga Obiageli
ta nufi ofishin shugaba da takardarsa a hannu,
tana jan shi da hannun riga:
zo, maganarka ce, kai za ka faɗa.

Asabar muka kwashe sito.
Karyayyun kujeru, gidan ɓera,
tsohuwar taswira da gara ta cinye rabin teku.
Yanzu a ƙasa muke.
Kusurwa ɗaya na yoyo, mun ajiye bokiti.
Morenike ke riƙe da mukulli,
ita ke rubuta kwanan wata kafin kowa ya zo,
kuma lissafinta, da ta daina rasa farkon darasi,
ya tashi daga arba'in zuwa saba'in da biyu.

Sagiru aka ba ƙararrawa.
Babansa ya zo da kansa, ya ji bayani,
ya ce to, buhuna sa nemi wata kafaɗa.
Sau biyu kacal ya makara tun daga nan,
duk makaranta ta makara tare da shi.

Jiya ya karanta sakin layi guda a gaban aji.
Minti huɗu ya ɗauka.
Ruwa na ɗiga a bokiti,
alli na hannuna,
ban ce komai ba.