Jijiya

Da igiya suka jawo ta Magazin ta Suwame,
ranar Talata, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba.
'Yar ja, kujera biyu, babu rufi,
dogon hanci kamar kada mai shan hantsi.
Shekara talatin tana kwance a Mampong
ƙarƙashin rumfar shanya koko,
har kaji sun saba yin ƙwai a mazaunin direba.

Masu bugun ƙarfe suka yi nasu suka tafi,
mai fenti ya mayar mata da jininta,
mai inji ya kasa kunne, ya ce zuciya lafiya lau.
Saura jijiya. Aka ce a kira Ɗantani.

Na cusa hannu bayan sitiyari
na zaro abin da ɓeraye suka rage.
Roba ta bushe, tana marmashewa a yatsa kamar ƙanzo.
Nan wani ya ɗaure da leda,
can wani ya yi ciko da wayar rediyo,
a gidan fis kuwa, wallahi,
takardar sigari mai ƙyalli aka naɗe aka cusa.
Kowane ƙulli sa hannun wani ne
da dare ya rutsa da shi a hanyar Obuwasi.
Ban zage su ba. Ai sun kai ta gida.

Na shimfiɗa tsohuwar a kan falanki,
na kafa ƙusa a kowace mararraba,
Labaran na riƙe da bakin sabuwa.
Launi ya gudu, duk sun koma ruwan ƙasa,
sai na kankare da reza kafin in ga asali:
fara mai jan layi ta tayar da inji ce,
kore ta sigina, shuɗiya ta fitilun gaba,
baƙa kuma a jikin ƙarfe take ƙarewa,
don wuta ma, in ba ta ga hanyar komawa gida ba,
ba ta fita.

Kwana tara.
Kai a ƙasa, ƙafafu a kan kujera,
warin dalma a hanci,
kokona na safe yana hucewa a kan bonet.
Sau biyu aka ɗauke wuta
na je na gasa ƙarfena a gawayin mai masara.

Gwajin farko, na taka birki,
hon ya kwarma ihu.
Labaran ya tsuguna yana riƙe ciki.
Biyu na saɓa a cikin sittin da wani abu,
suka ci mini yini guda.

Ranar Asabar Afirakoma ta kawo mahaifinta.
Opanin Dankwa, wanda kuɗin koko ya saya masa ita
tun yana da baƙin gashi.
Zane a kafaɗa, hannunsa a gwiwar hannunta,
yana ta rufe idanun fari fat.

Na ja maɓalli.
Fitilu biyu suka buɗe a bangon kwano,
yaran gareji suka ɗauki tafi da fito.
Bai ko juya ba.
Hasken da na yi wa kwana tara
ya bi ta fuskarsa ya wuce.

Don kunya na taɓa sandar sigina.
Ƙyat. Ƙyat. Ƙyat.

Sai ya ɗaga tafin hannu, kowa ya yi tsit.
Ya karkata kai, ya lalubo ƙofa, ya dafa,
ya ce wani abu da harshen Tonawa, can ƙasa.
Na dubi 'yar.
Ta ce, wai nan ce kwanar gidan su mamata,
a rage gudu, akwai rami.
Ta juya tana duban wata tsohuwar taya.

Labaran ya miƙa hannu zai kashe,
batir sabo ne, yana tsoron faɗana.
Na kama wuyan hannunsa.

Tsohuwar jijiyar tana nan a ƙusa bayan ƙofata.
Masu sayen jan ƙarfe sun taya sau uku.