Asusun Malam Arzika

Ƙarfe biyu na rana, Sakkwato tana tafasa,
kwalta ta yi laushi a hanyar Arkilla,
ni kuwa ina ɗakin da ba a zufa,
inda na'urori ke gurnani cikin sanyin aro.

Rumbun ma'aikatarmu ba na laka ba ne,
ba gero a ciki, ba maiwa.
Baƙin akwati ne mai ƙifta koren ido,
fayil kan fayil, taswirar filaye
daga Dundaye har Kwannawa.
Mabuɗinsa kundin sunaye:
wanda na rubuta ya shiga,
wanda na soke ya tsaya a waje.

Yau masinja ya kawo takarda, layi ɗaya:
a cire Arzika Nomau daga kundi.

Arzika! Mai manta kalmar sirri duk Litinin.
Yakan leƙo da goro a kunci:
"Yaro, wanga abu naka ya hana ni shiga, mi niy yi mai?"
In ce haruffa takwas, da lamba, da alama.
Ya ce ko ƙofar gidansu a Gidan Igwai
sakata ɗaya gare ta.

Na buɗe asusunsa.
Rukuni: sashen safiyo. Izini: karatu da rubutu.
Shigar ƙarshe: Alhamis, gab da la'asar.
Ga taswirar da ya bari ba iyakar gabas,
ga wani fayil, "kuɗin makarantar Tumba",
wanda ban leƙa ba.
Ikon buɗewa ina da shi, hurumin ne babu.

Maɓallin gogewa ja ne, yana kusa da yatsa.
Dannawa ɗaya, ƙofofi goma sha bakwai
su manta sun taɓa saninsa.

Ban goge ba. Na dakatar.
Taswirorin na miƙa wa Luba, sabuwar ɗauka,
karatu kawai, sai ta gane hannunsa tukuna.
Na Tumba na kwafe, a kai wa iyalinsa.
Sunan na mayar wani rukuni da na ƙirƙira,
ba izini ko ɗaya a cikinsa, sai zama.
Su tara ne yanzu.

Wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa,
koren idon bai fasa ƙiftawa ba.
Litinin na tafe,
ba mai leƙowa ya ce an hana shi shiga.