Tukunyar Sannu

A Winnipeg, biyar na asuba,
ƙanƙara ta liƙe tagar Orest.
Shekara talatin yana tuƙa bas,
girkinsa bai taɓa wuce ƙwai ba.

’Yarsa Daryna ce ta aiko tukunyar,
da ’yar takarda manne a murfi:
“Baba, zuba, rufe, ka tafi.
Kada ka leƙa.”

Ranar farko ya cika ta da ruwa har wuya,
ya dawo ya tarar da tafki,
karas na iyo, albasa ta ɓace.
Washegari ya zuba shinkafa tun safe,
da yamma ya samu kunu.
Ya shanye. Bai gaya wa kowa ba.

Yau sai da ya soya naman tukuna,
na kafaɗa, mai jijiya, mafi araha a kanti.
Dankali a ƙasa, kabeji a bisa,
ruwa kofi ɗaya tak.
Ya murɗa zuwa ƙaramar wuta,
ya fita yana waiwaye.

Duk tashar da ya tsaya, zuciyarsa na kicin.
Awa tara.

Tun daga matakala ƙamshi ya tarbe shi.
Rabon da gidan nan ya tarbe shi, ya manta.
Naman da ya wahalar da wuƙa da safe,
cokali na taɓa shi ya saki jiki.

Mai haƙuri, an ce, kan dafa dutse.
Orest ko hula bai cire ba
ya sha romon a tsaye,
sannan ya lalubo waya.