Ramin da Ban Leƙa Ba

Shekara talatin ina cinikin fata a Maradi,
ban taɓa biyan kirgi ba sai na shinshina shi,
na ɗaga shi ga rana, na nemi inda wuƙa ta zame.
Yau ga ni da hannun jari a cikin rami
wanda ko bakinsa ban leƙa ba.

Tsahiru ya jawo ni, ɗan ƙanwata mai aikin banki.
Ya ce, Kawu, kamfanin nan ba ƙafa ɗaya gare shi ba:
yana tonon tagulla, yana tonon tama,
ga kwal, ga zinariya can bayan teku.
In wannan ya kwanta wancan ya tashi,
kamar mai shuka hatsi da wake a gona guda.
Na ce, wannan karatun na iya shi.
Jajayen awaki goma sha ɗaya suka bi dillali.

Cima ta ce, ina kayan?
Na miƙa mata waya.
Ta juya ta gaba da baya, ta ce,
abin da ba ya cin dusa, da me zai haihu?

Wani zare ne a allon,
yana cika yana janyewa kamar Gulbi tsakiyar damina.
Wai masana'antu sun rage wuta a ƙasar Sin,
sai kuɗina suka rame a Bagalam,
ina zaune, ban yi wa kowa laifi ba.

Bayan wata shida riba ta faɗo,
jika goma sha huɗu da ƴan daloli.
Na kai wa yayana Nomau ya sa albarka,
shi da ya ci ƙuruciyarsa a ramukan arewa
ya dawo da tarin da ke tada maƙwabta.
Ya ƙirga da yatsun da ba sa miƙewa,
ya ce, wa ya sauka?
Na ce, ina?
Ya ce, ramin. Ai kuɗi ba sa hawowa da kansu.

Rabin ribar ta tafi kantin magani.

Ban sayar ba, ban kuma ƙara ba.
Sai dai in dare ya raba, tarin ya ƙetaro katanga,
nakan kunna wayar in duba zaren,
in ga wani mai fitila a goshi
yana ɗaura takalmi,
ban san sunansa ba, balle in gaishe shi da aiki.