Lamba Goma Sha Bakwai

Ƙarfe shida nake buɗe ɗakin,
kafin kabu-kabu su cika Bagalam da ƙara.
In wanke hannu, in sa safa, in rufe hanci,
sannan in ce musu, kun tashi lafiya?
Su arba'in da biyu ne, baƙaƙe wuluk.
A jirgi suka zo, da takardunsu.
Kakanninsu ma a keji aka haife su,
ba su san ƙamshin rumbu ba,
ba su taɓa jin kukan mussa ba.

Dokta Harira ta zana mini a bayan wata takarda.
Ta ce kowane mai rai da rubutu a jikinsa,
siriri, ido ba ya gani.
Waɗannan an goge musu harafi ɗaya tun suna ƙwai,
harafin da ke ce wa naman hanji, ya isa haka.
To, ba mai ce masa ya isa.
Sai ya yi ta tofo
kamar ciyawa a bakin Gulbi in ruwa ya janye.

Babana Nomau gyaɗa yake nomawa a Jiratawa.
Tarko bakwai gare shi.
In ya kama kusu, ya ɗaga shi ta wutsiya
ya ce, ɓarawo, yau ina dabararka?
Shekarar da cikinsa ya ƙi tuwo
muka ce basir ne, muka jiƙa sabara,
muka sayar da jar akuya, muka ƙara da ɗiyarta.
Ran da aka buɗe shi a lopital
likita ya ɗinke, ya fito,
ya daɗe yana wanke hannu kafin ya dube mu.
Da muka ɗauke shi zuwa gida
bai fi buhun ɓawon gyaɗa nauyi ba.

Lamba goma sha bakwai, mai tsaga a kunnen hagu,
ita ce ke hawa tafina ba gardama.
Giram ashirin da huɗu a watan jiya,
yau sha tara.
Tafin ƙafarta ya yi fari.
Na rubuta a littafi, aikina ke nan,
amma na ƙara mata dusa jiƙaƙƙa a murfin kwalba,
wannan ban rubuta ba.

Daren da kuran ya ɗauke, inji ya ƙi tashi,
zafi ya sauko kamar an kife mu da tukunya.
Na tsaya da faifai ina yi musu fifita har asuba,
ni, ɗan mai tarko bakwai.

Ran alhamis aka kwantar da ita.
Barci aka sa mata tukuna, na tabbata da idona.
Aka warware hanjin bisa takarda,
bai kai kamu biyu ba,
aka tsaga shi a tsaye.
Na sa ido a madubi ina ƙirgawa.
Ƙari, ƙari, ƙari, kamar tsabar gero a faranti.
Sittin da uku.
Ƴar'uwarta da aka yi wa allurar gwaji
ashirin da ɗaya gare ta.
Na ɗago kai zan yi hamdala,
Dokta ta ce, kusu ba mutum ba ne, Haladu,
mu sake, mu kuma sakewa.

Inna ta tambaye ni wai aikin me nake a jami'a.
Na ce kiwon kusu.
Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane,
ta ce da Nomau na nan.
Na ce eh, da yana nan.

Da safe na wanke kejin, na zuba sabuwar shimfiɗa.
Na ce musu, kun tashi lafiya?
Arba'in ne suka ɗago kai.