Sa Hannun Sada Bahago

Shekara talatin da ɗaya ke nan
tana saman kabad a shagona na Ƙofar Guga,
tsakanin matattun rediyoyi
da gwangwanin da nake tara dalma.

Ina ɗan sha biyu ranar.
Ya narka ta da hagu, ta haye katangar fili,
ta faɗa garkar Malam Rabe, cikin yakuwa.
Ni na tsallaka. Ƙaya ta yage mini wando.
Da aka tashi ya ari biron alƙalin wasa,
ya huhhura masa, don ya ƙi kamawa,
ya rubuta: Sada.
Ya ja wutsiya a ƙasa, irin ta ƙadangare.

Yanzu wutsiyar ta tafi.
Harafin farko ya koma sawun tururuwa a rairayi.
Ba gara, ba ɓera, ba yoyon damina.
Hasken taga ne, kullum yana lasar kaɗan,
sai kuma ɗan yatsan nan nawa
da nake nuna wa baƙi: kun gani? Nan ne.
Ashe mai nunawa shi ne mai gogewa.

Na sa ta a leda, ta yi gumi.
Kafinta maƙwabcina ya ce a shafa mata fanish.
Maiɗakina ta naɗe ta da tsohon zane,
ta jefa kafur biyu, ta tura ƙarƙashin gado.
'Yata Rumasa'u ta ɗauke ta a waya,
ta ce, "Baba, ga shi nan, wannan ba ya koɗewa."
Na duba. Hoton ba ya warin fata.

Wani dare na ɗauki biro zan bi sawun.
Hannuna ya tsaya a iska.
In na bi, sunansa ne dai,
amma hannun wa?

Ranar Laraba na hau acaɓa zuwa Rafindaɗi.
Na same shi a zaure, bisa tabarma.
Hagun nan, hannu da ƙafa,
ta riga shi kwanciya tun bara.
Na gaishe shi, na faɗi sunana, bai gane ni ba.
Na miƙa biro, bai karɓa ba.
Ƙwallon ya karɓa da dama,
ya matsa ta, ta lotsa.
Ya ce, "Kai, wa ya kashe ta haka?
Ko famfo babu a unguwarku?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Jikokinsa uku na leƙe ta bakin ƙofa,
ƙafafu fururu.
Ba sunan suke kallo ba.

Na fito da ita a hammata.
Na yi tafiya har inuwa ta juya,
sannan na tsaya wajen mai faci,
na tambayi nawa ne iska.
Ya sa allura, ya dafe ta don kada ta gangare,
babban yatsansa, baƙi ƙirin da man inji,
daidai kan abin da ya rage na Sada.

Na buɗe baki.
Sai na ji ta fara numfashi.
Na yi shiru.