Ƙyaure Huɗu a Cikin Duhu

Bayan la'asar aka jawo ta da igiya,
Jar motar Hambali, mai lamba tara a ƙofa.
Ta shigo garejina na Ƙofar Guga shiru,
Kamar akuyar da aka kamo a gonar wani.
Karo na biyu ke nan cikin wata guda
Ni Sallau nake kwance injin nan da hannuna.

Ya ce, "Oga, wallahi na duba geji da safe,
Baƙin mai na kan layi, ko ɗigo bai ragu ba."
Na ce na yarda. Na zaro mital na miƙa masa,
Ya yi shuɗi, ya siɗe kamar tsohon kwabo.
Na ce, "A ina ta fara kuka?"
Ya ce, "Gindin kuka, a doguwar kwana."

To, ai ka ji.
Mai yana nan, amma ba inda ake nemansa ba.
In ka karya sitiyari hagu kana tsala gudu,
Shi sai ya kwashe kayansa ya yi dama,
Ya hau bangon kasko ya lafe,
Famfo ya miƙa baki ya zuƙi iska.
Ƙiftawar ido uku, ba ta fi haka ba,
Ƙarfe ya goga ƙarfe, sai ƙuna.

Ya ce, "To a ƙara lita guda mana."
Kai, yaro man kaza!
In ya yi yawa karanshaf zai kaɗa shi kamar nono,
Kumfa kuwa ba mai ba ce, sai dai suna.

Daren nan barci ya ƙi ni.
Na tuna Inna Kuluwa a Abukur,
Tana dawowa daga rijiya, ƙwarya fal a ka,
Hanya duk gargada, amma zaninta a bushe.
Ganyen bedi take tsinkowa ta yafa a kai,
Wata rana ta jefa sakaina.
Ruwa ya so tsalle,
Ganye ya ce masa, zauna.

Da asuba na wanke kaskon da kananzir,
Na yanka kwalin sabulu na gwada,
Na sake yankawa, har sau huɗu,
Kafin na yarda almakashi ya taɓa ƙarfe.
Na'iya, yarona, ya riƙe da filaya,
Yana kau da kai daga tartsatsin walda.
Na gina wa bakin famfo ɗan ɗaki,
Bango huɗu, kowanne da ƙaramin ƙyaure
Wanda ciki kawai yake buɗewa.
Mai ya shiga ba sallama,
In ya nemi fita, ƙyaure ya ce, tukuna.

Muka zuba ruwa muka karkata,
Hagu, dama, kamar masu tankaɗe.
Ƙyaure ɗaya ya cije.
Na bi shi da magagari har ya fara cewa ƙas, ƙas.
Na kwashe kowane ɓurɓushin walda,
Tsakuwa ɗaya ai ta isa ta ɓata tuwo.
Ba mu ɗaure noti na ƙarshe ba sai faɗuwar rana.

Ranar Asabar, a filin hanyar Jibiya,
Jama'a suka yi dafifi wajen tuta.
Ni na tafi gindin kukar nan ni kaɗai,
Na rufe ido, na bar aikin ga kunnena.

Ga shi nan. Taya ta yi ƙara, ƙasa ta tashi,
Muryar inji ba ta sauya ba.
Ya zagayo, ya sake zagayowa,
Har sau bakwai, murya ɗaya ce.
Sai a lokacin na ji goron da ke bakina.

Na uku ya zo.
Aka ɗaga wani yaron Ƙofar Sauri sama.
Hambali ya fito yana ƙorafin taya,
Bai ambaci jar fitila ba, don ba ta kama ba.
Na dafa bonet, zafi daidai.
Can ƙasa, inda ba mai leƙawa,
Ƙyaure huɗu suna hutawa cikin mai.
Na ce wa Na'iya, "Tattara sifana mu tafi,
Gobe ka je ka karɓo mini cikon kuɗina."